Wankan da Na Rama wa Zulai

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Ni ce Hajo mai man gyaɗa, a nan Matamaye. Duk wanda ya taɓa sayen mai a hannuna ya san bakina ba ya ajiye magana, amma wannan labarin na daɗe ina tauna shi ban fitar ba, saboda akwai laifina a ciki. Yau zan faɗe shi yadda ya faru, ko wata uwar ta ji ta riga ni yin hankali.

Zulai ce ta uku a 'ya'yana, kuma ita ce mai hannu a cikinsu. Tun tana yarinya, in ta zauna matsar tunkuza, man da take fitarwa ni kaina ba na fitar da shi. Kitso kuwa, ranar jajiberin salla sai mun kori mutane daga tsakar gida. An kai ta aure Dawce, da cikin fari ya tsufa ta dawo gida goyon ciki. Ta sauka ana tsakiyar damina, aka samu 'ya mace, aka sa mata Nana. Malam, mahaifin Zulai, ya rasu tun kafin bikinta, saboda haka hidimar jego duk a kaina ta faɗo.

Wankan jego kowa ya san yadda muke yinsa. Ruwa ya tafasa a babbar tukunya, a tsoma ganyen dogon yaro a yi ta fyaɗa wa mai jego safe da yamma har kwana arba'in, ta sha kunun kanwa ta ƙoshi. Mun taso mun ji ana cewa macen da ba a cika wa wanka ba ɗanya ce, sanyi zai shige ta ya zauna a ƙashi. Haka aka yi mini sau bakwai, haka na fara yi wa Zulai.

A kwana na tara, ina cikin fyaɗa mata ganye sai na ga idonta ya juye, ta sulale ƙasa. Na saka salati, maƙwabta suka shigo, muka ɗora ta a amalanke sai likita, wato ƙaramin asibitin garinmu. Ungozomar da ta karɓi haihuwarta ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce da ni, "Iya, jininta ya hau. In kina son 'yarki, ruwa ya zama mai ɗumi kawai, kanwa kuma a daina. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

Na ji maganarta, don da idona na ga yarinyar a ƙasa. Amma na ji tsoron bakin mutane. Sai na riƙa hura wuta ƙarƙashin tukunya safe da yamma, hayaƙi ya tashi kowa ya gani, masu wucewa su ce, "Sannu da wuta, Hajo," ni kuwa ina bayan zana ina sirka ruwan da na randa. Da aka yi mako uku, itace duk ya jiƙe, na daina na yamma gaba ɗaya, sai hayaƙin kawai. Aka yi arba'in, Zulai ta koma ɗakinta fes da ita, na ce alhamdu lillahi asirina ya rufu.

Bayan kaka mijinta ya tafi ci-rani Kano, inda yake da teburin shayi, kamar yadda ya saba kowace shekara. Nana tana da wata uku, wata mata daga gidansu ta same ni ranar kasuwa ta ce, "Hajo, 'yarki fa ba ta iya riƙe taɓarya. Da safe sai an buɗe mata yatsu."

Washegari na hau kabu-kabu na tafi. Na tarar da ita zaune a rana, ta ɗora hannuwa a kan gwiwa, gaɓoɓin yatsu duk sun tasa, dama da hagu iri ɗaya. Wuyan hannun da zafi in ka taɓa. Nana tana kwance a tabarma tana ta tsala kuka. Ni da saurin baki na ce, "Ke kuwa me ya hana ki goya ta?"

Ta miƙe da ƙyar, ta sunkuya, na ɗora mata yarinyar, ta ja zane ta soke. Ta kamo bakin majanyi biyu ta kawo gaba, sai ɗaurin ya gagara. Ta gwada sau uku, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Hawaye ya zubo mata, ta ce, "Iya, ba ya ɗauruwa."

Na kwance Nana na goya ta a bayana, na kwaso su muka dawo Matamaye. Tun daga ranar bayana ya zama wurin zaman Nana.

A makon farko na gane halin ciwon. Da asuba ya fi tsanani. Ba ta iya ɗaga buta, ni ke zuba mata ruwan alwala. Hannun yana sandare har hantsi ya ɗaga, sannan ya riƙa saki kaɗan-kaɗan, zuwa azahar har ta iya riƙe ludayi. Masu zuwa dubiya da la'asar sai su ga mutum zaune tana hira, su fita suna cewa shagwaɓar haihuwar fari ce. Ga gajiya, ga ɗan zazzaɓi da ba ya tashi ba ya kwanciya, abinci kuma sai na yi da gaske take ci.

A mako na biyu Goggo Habsu ta iso daga Kurni. Yayar Malam ce, kuma tun da ya rasu maganarta ce maganar dangin uba. Ta zauna, ta kama hannun Zulai ta lallatsa, ta juya shi, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Hajo, kwana nawa aka yi wa yarinyar nan wanka?"

Na ce, "Arba'in mana, Yaya."

"Ba ke na tambaya don ki ba ni lissafi ba. Zulai, dube ni. Ruwan yana ƙuna?"

Zulai ta sunkuyar da kai. Shi ke nan, magana ta fito. Na faɗi abin da ungozoma ta ce, na faɗi suman da ta yi. Goggo Habsu ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Kin bi maganar 'yar lakwal mai karatun boko kin bar 'yar ƙanena ɗanya. To ga shi nan, sanyi ya samu gida." Wallahi ban yi musu ba, don abin da zuciyata take faɗa mini ke nan tun a Dawce.

Aka yanke shawara a rama wanka, arba'in cif, daga farko. Na ajiye suyar gyaɗa, na sayi itace amalanke guda. Wannan karon ban sirka ba. Abin da ya ƙara ruɗa mu, in ta fito daga ruwan zafi yatsun sukan saki na ɗan lokaci, sai Goggo ta ce, "Kin gani ko? Ƙashi ya fara shan wuta." Kafin a jima kuma su koma yadda suke. A mako na uku na wankan gwiwoyi suka kumbura su ma. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho, jini ya fita, kumburi bai fita ba.

Zulai da kanta ta ce a kai ta likita. Majo, wato babban ma'aikacin da ke duba marasa lafiya a wurin, ya riƙe hannuwanta biyu ya jera su, ya tambaye ta tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su saki da safe. Ya ba ta ƙwayar rage zafi, ya rubuta takarda ya miƙo mini, ya ce, "Iya, wannan ya fi ƙarfinmu a nan. Ku je babban asibitin Damagaram, kada ku bari makon nan ya fita."

Na amsa da to. Da muka dawo gida na ninke takardar na sa ta ƙarƙashin kwalla. Saura kwana goma sha bakwai wanka ya cika, na ce bari ya cika tukuna. Gaskiyar magana ita ce so nake wankan ya zama shi ne maganin. In shi ya warkar da ita, to na wanke abin da na ɓata da hannuna, in kalli Goggo Habsu ido da ido. Ban faɗa wa kowa haka ba, ko kaina ban faɗa wa ba a lokacin.

Kafin arba'in ɗin ta cika saƙo ya zo daga Kano. Surukina ya ji halin da matarsa take ciki, hankalinsa ya tashi, wani mai shagon magani kusa da teburinsa ya ba shi wasu 'yan ƙwayoyi farare ƙanana, ya ce ba su da na biyu a kan sanyin ƙashi. A ƙulle suka zo cikin leda, ba kwali, ba suna. Biyu da safe, biyu da yamma.

Kwana uku Zulai ta miƙe. Ta dunƙule hannu ta buɗe a gabana tana dariya. Ta ci tuwo ta nemi ƙari. Ranar ta ce, "Iya, ba ni Nana in goya." Na ce, "A'a, kada ki tayar da ciwon. Bari ki ƙara ƙwari, lokaci yana nan." Ta sake tambaya bayan mako biyu, na sake hana ta. Cikin duk abin da na yi a jinyar nan, wannan hanin ne ya fi ci mini rai, don a watannin nan da ta iya.

Wata biyar tana shan ƙwayar nan, duk wanda zai taho daga Kano sai an ba shi ƙulli. Fuskarta ta cika ta yi zagaye, kumatu suka fito. Mata suna shigowa suna cewa, "Barka, Hajo, Zulai ta yi ƙiba, jiki ya dawo." Goggo Habsu ta aiko daga Kurni wai a gaya mini wanka ne ya kama. Ni kuwa ina ganin wasu abubuwa ina kawar da kai. Ƙibar a fuska take da ciki, ƙafafu sun tsotse. Abu kaɗan ya buge ta sai wurin ya yi baƙi. Yatsun hannun dama kuma sun fara karkata gefe guda, suna bin ɗan ƙaramin. Ba ta jin zafi sosai, sai na ce ai lafiya ke nan.

Da ruwa ya sauka mijinta ya dawo noma da ƙulli na ƙarshe, yana zaton zai kai kaka. Ana tsakiyar noman farko ya ƙare. Kwana biyu babu ƙwaya, a na uku ta fara amai, jiri ya hana ta tsayuwa, kowace gaɓa a jikinta ta ɗauki wuta, har muƙamuƙi. Muka koma wurin majo. Ya sa mata ƙarin ruwa, ya yi mata allura, ya duba ledar da ta rage da garin ƙwaya a gindinta, ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Me suka ce muku a Damagaram?"

Na sunkuyar da kai. Bai ƙara tambaya ba, ya ce gobe da sassafe mu kama hanya.

Mu huɗu muka tafi, ni da Zulai da mijinta, da Nana a bayana, tana da wata goma sha ɗaya. Muka sauka gidan wani ɗan'uwan Malam, Allah ya saka masa da alheri, kwana biyar yana ciyar da mu bai ɗaure fuska ba. Asibiti kuwa sai wanda ya je. Ka fito da asuba ka tarar wasu sun riga ka, a ba ka 'yar takarda ka zauna a benci har ƙafarka ta yi tsami. Ran farko awon jini, ran na biyu hoton hannu, wanda suke kira radiyo, ran na uku jiran sakamako. Tumakina biyu da nake kiwo don layya a nan suka tafi. Mai ciwon gaɓa a ce ta zauna a katako tun safe har azahar, wannan kam ban ga adalcinsa ba, amma da na ga yawan mutanen da ke jiran mutum ɗaya sai na rage mita.

Ran na huɗu muka shiga wurin lokotoro, wato dokta, babban mai duba marasa lafiya. Siriri ne mai furfura a gemu, Hausarsa irin ta mutanen birni. Ya daɗe yana duba hannun Zulai gaɓa-gaɓa, ya tambayi ƙwayar leda, ya ce ya san ta. Ya ce magani ce ta gaske, su ma suna ba da ita, amma da awo da ƙa'ida. Tana kwantar da zafi, ba ta hana ƙashi cinyewa, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya daina rana ɗaya tana iya kashe shi. Ya ce ƙibar da muka yi wa barka ba ƙiba ba ce, aikin ƙwayar ne. Surukina ya dafe kai da hannu biyu.

"Sunan ciwon nan a bakinmu foli-artirit," in ji lokotoro. Na sa ya maimaita, kuma ita kaɗai ce kalmar nasara da ta zauna mini har yau. "A jinin kowa akwai sojoji da Allah ya ajiye, aikinsu su kashe baƙuwar cuta in ta shigo. Na 'yarki sun ruɗe, sun ɗauki gaɓoɓinta a kan baƙi, su suke yaƙa."

Na ce, "Lokotoro, ni na jawo mata. Ban cika mata wankan jego ba." Na kwashe komai na faɗa masa, har hayaƙin da nake tayarwa don maƙwabta. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya yi murmushi, amma ba na raini ba.

"Iya, lokacin da nake karatu a ƙasar waje, na yi shekara guda ina kiwon ɓeraye."

"Kiwon me?"

"Ɓeraye. A cikin keji, kowane da lambarsa, ana ba su abinci da ruwa a kan lokaci."

Ni da na ƙare rayuwata ina yaƙi da ɓera a kan buhun gyaɗa, na ce, "Ikon Allah! Ashe akwai ƙasar da ɓera ya yi sa'a." Har Zulai sai da ta yi dariya.

Ya ce, "Ba sa'a ba ce, Iya, aiki suke yi mana. Ba za a gwada cuta a jikin mutum ba, sai a gwada a nasu. Akwai wani abu da ake cirowa daga guringuntsi a yi musu allurarsa, don sojojin jininsu su koyi yaƙar gaɓa. Bayan 'yan makonni sai ki ga tafin ɓera ya kumbura ya yi ja, ba ya iya kama ƙarfen keji. Na gani da idona, kamar hannun 'yarki. Har da maza, waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. To su wa ya rage musu wanka?"

Wani abu da ya tokare mini ƙirji tun ranar da Goggo Habsu ta tafa hannu na ji ya ɗan matsa.

Ya ci gaba, "Abin da ya fi ba mu mamaki, allura ɗaya, abinci ɗaya, ɗaki ɗaya, amma wani dangin ɓera sai ya kamu, wani dangin kuwa ko gezau. Daga irin wannan aka ƙara gane cewa akwai abin da ake gada daga iyaye. A danginku akwai mai irin wannan hannun?"

Nan take na ga Inna, mahaifiyata, kamar tana zaune a ɗakin. Ban taɓa saninta da miƙaƙƙun yatsu ba. Duk sun kwanta gefe guda, ludayi ma tsakanin tafuka biyu take riƙe shi, in baƙi suka zo ta ɓoye hannun cikin mayafi. Yayyena ne suka goya ni. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa a haihuwata ta samu sanyi, wai shekarar babu itace ba a cika mata wanka ba. Na girma ina ganin zuwana duniya ne ya naƙasa ta. Duk watannin jinyar nan ban taɓa haɗa hannun Inna da na Zulai ba, sai a ɗakin nan.

Na ce, "To ashe ta jikina ya bi."

Ya ce, "Mai yiwuwa ta jikinki ya bi, ya kuma tsallake ki. Ba ke kika zaɓa ba, Innarki ma ba ita ta zaɓa ba. Ko a dangin ɓerayen da ke kamuwa, in ba a yi musu allurar ba yawancinsu lafiya suke tsufa. Gadon ƙofa kawai yake bari a buɗe, sai wani abu ya zo ya shiga. A jikin mutum ba mu gama sanin mene ne abin ba, ɓera dai ba mutum ba ne, kada in yi miki ƙarya. Abin da muka sani, yakan taso wa mata bayan haihuwa, da wadda aka yi wa wanka da wadda ba a yi wa ba."

Sai Zulai ta ce, "Nana fa?"

"Yawanci ba ya taɓa 'ya'yan. Amma ku riƙe alamarsa. Hannu biyu, kumburi, sandarewa da safe. In kun ga haka kada ku jira komai."

Sannan ya ɗaga hoton hannun a hasken taga, ya nuna mana wasu wurare a gindin yatsu biyu na dama da wuyan hannun hagu, inda bakin ƙashi ya zaizaye. Ya ce wannan ba zai dawo ba, sauran ne za mu tsare. Ya jawo takardar majo da na ciro daga ƙarƙashin kwalla, duk ta yi layin ninki. Na ga idonsa ya tsaya a kan kwanan watan da ke sama. Wata shida da 'yan kwanaki. Bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni kawai, ya mayar da ita cikin sauran takardu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A bencin waje na zauna na yi kuka, mutane suna ba ni haƙuri suna zaton rasuwa aka yi mini. An sauke mini laifin da na ɗauka ba nawa ba, an nuna mini nawa na gaskiya. Wankan da na rage bai yi mata komai ba, wataƙila ma shi ya tsare mata rai. Wanda na tsaya ramawa shi ne ya cinye yatsu biyu.

Maganin da aka ɗora ta a kai ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a mako, mun zaɓi Talata, da wata da ke biyo bayanta don rage mata kaifi. Lokotoro ya ce irin waɗannan magunguna ma sai da suka bi ta jikin dabbobi kafin su iso ga mutane. Farar ƙwayar kuma aka mayar da ita a kanta, aka riƙa rage mata sannu-sannu. Sharuɗɗan ne masu nauyi. Awon jini a kai a kai, a yaye Nana nan take, kuma babu ɗaukar ciki muddin tana sha. Na tausaya wa surukina, yaro ne da haihuwa ɗaya. Amma sai ya ce da lokotoro, "Hannunta nake so tukuna." Ba na iya yi masa magana ido da ido, surukuta ta hana, amma ranar na sa masa albarka a fili.

Yayen Nana ba ta cika shekara ba ya tayar da ƙura a dangi. Goggo Habsu ta zo da kanta. Na ba ta labarin ɓeraye tun daga farko. Ta ce, "Yanzu Hajo 'yar ƙanena kike haɗawa da ɓera?" Na ce, "Yaya, ni dai na bi taki na kwana arba'in, yanzu a bar ni in bi ta mai ɓera." Ta yi fushi ta tafi. Bayan mako guda sai ga tulun nono da gero ta aiko na kunun yaye. Haka take, bakinta da zafi, hannunta a sake.

Mako shida babu wani canji, har na fara jin masu cewa a koma wa ƙwayar Kano. Ranar Laraba kullum tana tashi da tashin zuciya. Sau biyu maganin ya yanke a farmasin garinmu, sai da aka bi mota har Damagaram. A mako na goma ta ɗaga buta da kanta. Bayan wata huɗu sandarewar safe ta dawo ba ta wuce a sha koko. Fuskar ta sace, masu barka da ƙiba suka koma yi mini jajen rama, ban ko tanka musu ba.

Amma Nana ba ta jira mu ba. Ta yi rarrafe a gabana, ta miƙe a gabana, ta fara tafiya. In ta faɗi, ni take nufa da kuka, ta zagaya bayana ta kama zane, uwarta tana zaune da hannu a miƙe. Wata rana Zulai ta ce, "Iya, ko sau ɗaya ne ina so in goya ta kafin ta ƙi goyo." Wuyan hannun hagu har lokacin ba ya ɗaukar nauyi. Sai ta riƙa gwaji da matashin kai. Ta goya shi, ta kamo majanyi, ta koyi ɗauri da yatsu ukun da suka rage mata masu ƙarfi, tana taimakawa da haƙori. In ya zame ta sake. Ina suyar gyaɗa ina kallonta ta wutsiyar ido.

Ga uwaye 'yan'uwana abin da zan ce kaɗan ne. Ba na faɗa da wankan jego, kowa ya yi daidai ƙarfin 'yarsa, ya kuma ji maganar ungozoma. Amma in mai jego ta ce hannunta biyu ba ya buɗuwa da safe, kada a tsaya tambayar kwana nawa aka yi wanka. Ƙwayar da ta zo a leda babu suna, ko ta tayar da gurgu, a nuna ta a likita tukuna. Takarda kuma in an ba ku, ba ta ajiya ba ce. Tawa tana nan ƙarƙashin kwalla, na roƙa aka bar mini ita, duk ran da na ɗaga sai mun ga juna.

Nana tana da wata ashirin, ran wata Lahadi da hantsi, Zulai ta fito da zanen goyo da majanyi ta tsaya a tsakar gida. Ta ce, "Nana, zo hau." Yarinyar ta dube ni. Na juya mata baya, na ci gaba da tsince gyaɗa kamar ban gani ba. Da ta ga babu wurin zuwa sai ta tafi wurin uwarta, ta ɗale. Zulai ta ja zane ta soke, ta kamo majanyi, ta sa haƙori a baki ɗaya, yatsu uku a ɗayan, ta ja. Ta sake ja.

"Iya, duba mini. Ya ɗauru?"

Na taso na duba. Ɗaurin ya karkace, baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Hannuna har ya tafi zai gyara, na mayar da shi baya na riƙe da ɗayan.

Na ce, "Ya ɗauru."

Ta fita, na bi su a baya. Ta wuce ƙofar maƙwabta tana gaishe su da ƙarfi don su leƙo. Da suka kai bakin famfo Nana ta hango yara suna wasa, ta fara harba ƙafa tana cewa, "Sauka, sauka." Zulai ta ɗan yi jijjiga, ta yi mata waƙa, yarinyar ta ƙi. Sai ta kwance ɗaurin da kanta ta sauke ta, Nana ta ruga da gudu ba ta waiwayo ba.

Zulai ta tsaya da majanyi a hannu tana dariya, hawaye yana zuba. Ta ce, "Iya, ashe nauyi ne da ita haka."

Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin famfo, iyakar goyon da 'yata ta samu ke nan.